Kan Ice Marar Baki

Baixa do Umbu,
12 ga Maris, 1979

Yaya Quitéria,

Ki sa mini albarka. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da sistocin da kike wa aiki, da tsofaffin matan da kike wa wanka kina ciyarwa. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. Na ba direban bas ƙunshin mazarƙwaila ya kawo miki, in ya ce ta faɗi a hanya ƙarya yake yi.

Yaya, kwana biyu ke nan ina juya takardar nan na kasa sa mata alƙalami. Ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke, tun da ke kika raine ni bayan rasuwar Inna.

Kin san aikin gidanmu. Mutum ya kwanta ciwo, ya yi wa Yesu na kan dutse alkawari. In ya warke ya zo in sassaƙa masa gaɓar da ta yi ciwon, ƙafa ce ko hannu ko kai, ya hau dutsen da ita ya rataye a ɗakin godiya da ke bayan coci. Shekara arba'in ina wannan aiki. Kin kuma tuna dokar Baba, wadda ya maimaita har muka haddace, cewa ba a sassaƙa wa mutum gaɓa yana kwance, sai ya tashi. Yin ta kafin sauƙi, a ganinsa, gwada Allah ne.

Farkon watan jiya dattijon nan Seu Anacleto ya zo da sandarsa. Gyambonsa ya rufe bayan shekara biyu, ya ce in yi masa ƙafar dama. Na zaɓi icen umburana mai kyau, na zauna a bencin Baba da hantsi. Ina sassaƙa ina tunanin rufin ɗakin awaki da ke yoyo, don hannu ya san hanyarsa, ba sai na bi shi da ido ba. Da na sunkuya na duba, Yaya, ba ƙafa ce a cinyata ba. Hannun mace ne, na hagu, yatsu biyu na tsakiya a lanƙwashe, da tsaga a gindinsu. Ban yi niyyarsa ba, ban ma san lokacin da icen ya juya ba. Kuma tun da nake ban taɓa aiki mai kyansa ba, har jijiyoyin bayan hannun sun fito.

Na yi dariya, na ce tsufa ne, na ɗora shi a kan kantar ɗakin aiki. Bayan kwana tara Dona Belarmina ta garinmu tana tura rogo a injin gurza, injin ya kama hannunta. Na hagu. Ina cikin waɗanda suka ɗauke ta zuwa bakin titi, na ga yatsun da idona. Da na dawo na kasa cin abinci, na tsaya gaban kanta ina kallon icen. Tsagar tana daidai inda ƙarfen ya shiga.

Na ce wa kaina katari ne kawai, na sake ɗauko ice don ƙafar Seu Anacleto. Wannan karon ƙafa ta fito, amma ƙarama, ta yarinya, da ɗigo biyu a idon sawu. Na rufe ta da buhu na fita. Shekaranjiya maciji ya sari jikar mai shago a bayan gidansu, ta je kwasar ƙwai.

Yaya, wannan abu daga ina yake? Tun ina yaro kuke cewa Allah ya ba ni baiwa a hannu, in yi masa hidima da ita. To in hannun nan ne yake jawo wa mutane ciwo, gara ya bushe. Ban faɗa wa kowa ba, Fada Eusébio kuma ba zai zo ba sai bayan Ista. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa ni a addu'a, ki kuma rubuto, ko da faɗa ne.

Ƙanenki mai biyayya,
Zeferino


Recife,
27 ga Maris, 1979

Zeferino,

Allah ya yi maka albarka, ya kuma ƙara maka hankali, don da alama wanda ya ba ka da farko ya fara ƙarewa. Mazarƙwaila ta iso, rabinta. Ka ce wa direban nan ina gaida haƙoransa.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, tukunyar wake tana tafasa. Haba ƙanena. A garin da kowace mace ke tura rogo a bakin injin da ba shi da murfi, wace shekara ce ba a rasa yatsa? Kai da kanka ka sassaƙa irin hannun nan ya fi ashirin. Maciji kuwa, ruwa ya sauka, ina kake so su je? Tun rasuwar matarka kake zaune daga kai sai akuya, kana zuba wa cikinka kofi ba abinci, dole ka ga abin da ba a gani.

Na gama faɗan da ka roƙa. Yanzu ga gaskiya. Da na kai wurin ɗigo biyun nan, sai na nemi kujera na zauna.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san a gidan nan ni nake yi wa masu tafiya waƙar rakiya, irin wadda Inna take yi a bakin gadon mai mutuwa. Shekarata ta biyu a nan, ina shara tsakanin gadaje da rana tsaka, na ji maƙogwarona ya fara waƙar shi kaɗai a gaban gadon wata tsohuwa da take cin ayaba lafiyarta ƙalau. Na toshe bakina na gudu. Washegari ta tafi, ba wanda ya yi mata waƙa, don ni na ɓuya a ɗakin wanki ina kuka. Wata shida ina ganin ni na kashe ta. Sai da abin ya sake faruwa sau uku na gane ba kisa nake yi ba, turo ni ake yi kada su tafi su kaɗai. Daga ranar na daina gudu. In waƙar ta taso nakan jingine tsintsiya in zauna in riƙe hannun mai gadon.

Ban ce naka irin nawa ba ne, ban sani ba. Amma ka ba ni labarin ciwo ka tsaya a nan. Belarmina ta warke ko ba ta warke ba? Yarinyar fa? Wannan nake son ji.

Kafin nan, kada ka yar da kome. Ka gama wa bawan Allah Anacleto ƙafarsa, mutum ya yi shekara biyu yana jan gyambo, kada ka sa ya ƙara wata yana jiran ice. In Fada ya zo ka faɗa masa. Kuma ka ci abinci.

Ni lafiyata lau, in ban da muryata da ta dishe, iskar teku ce. Sistoci suna cewa yau kunnensu ya samu hutu.

Yayarka,
Quitéria


Baixa do Umbu,
20 ga Mayu, 1979

Yaya Quitéria,

Ki sa mini albarka, ki kuma gafarta mini shirun da na yi. Ina fatan mura ta sake ki. Wasiƙarki ta iso tun kafin Ista, kunya ce ta hana ni amsawa, don ban yi ko ɗaya daga abin da kika umarce ni ba sai faɗa wa Fada.

Kin tambayi Belarmina. Ta warke, yatsun sun lanƙwashe amma tana aikinta. Yarinyar ma ta tashi, likita ya yi ta mamaki. Amma wannan ba shi ne maganar ba, Yaya. Bayan su hannuna ya sassaƙa ido, mai gyaran keke ya samu tartsatsin ƙarfe a idonsa. Ya yi gwiwa, matar mai yin burodi ta faɗo daga kan jaki. Su ma sun samu sauƙi da ikon Allah, sai dai ba su so su gan ni.

Don gari ya sani yanzu. Mai shago ne ya leƙo neman aron gizago ya ga ƙafar jikarsa a kanta, ƙura ta riga ta hau ta, alamar ta daɗe. Kafin yamma kowa ya ji. Yanzu in na fito, mata sukan ja mayafi su rufe fuska kada in kalle su in haddace. Hanyar ƙofata ciyawa ta fara cinye ta. Ran nan da rana tsaka, gari tsit, na ɗaga kai na ga mutum bakwai tsaye a bakin shinge, ba sallama ba magana, suna miƙa wuya su hango abin da ke cinyata. Kowa so yake ya gani ko nasa ne.

Fada Eusébio ya saurare ni yana share gumi. Ya ce shi ba zai kira abin na Allah ba, ba zai kira shi na Shaiɗan ba, sai an ga abin da ya haifa. Ya ce amma kada in binne abin da aka ba ni amana. Ya hau motarsa ya tafi, ni aka bari da hannun.

Ran huɗu ga wata na sassaƙa ƙirjin namiji, mai faɗi, da rami a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da ganin kafaɗun na san na Januário ne, makiyayin nan da yake kawo mini ice daga daji bai taɓa karɓar ko godiya ba. Na ce wannan karon sai na tare abin. Na cusa ƙirjin a murhu, na tsaya har ya zama toka. Ban huta ba sai da na ga ba abin da ya saura.

Kwana shida bayan nan bijimi ya soke shi a daidai wurin. Ya yi kwana uku ya cika. Kin gani, Yaya, ko wuta ba ta tare shi.

Ranar da muka dawo daga kai shi, na zauna a benci, wuƙa tana kusa, ban san na ɗauka ba. Da na farga aikin ya yi rabi. Na ga abin da yake fitowa, na jefar da wuƙar. Na naɗe ta da gizago a buhu, na haƙa rami a gindin bishiyar umbu na binne su, na ɗora dutse. Na daina, Yaya. Na gaya wa Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ban iya ba.

Abin da ya yi rabin nan ban ƙone shi ba, na kasa. Yana cikin akwatin Inna. Kada ki tambaye ni mene ne.

Wai har yanzu tabon nan yana girarki ta hagu, na ranar da kika faɗo daga umbu garin sauko da ni? Na tuna ne kawai. Ki kula da kanki, kada ki hau kome, kada ki tsaya kusa da wuta.

Ƙanenki,
Zeferino


Recife,
2 ga Yuni, 1979

Zeferino,

Allah ya yi maka albarka. Na sa maka ita ne don dole, amma da kana kusa da ludayin miya zan sa maka.

Allah ya ji ƙan Januário. Na yi kuka, na san uwarsa.

Yanzu ka buɗe kunne. Ka ce warkewar Belarmina ba ita ce maganar ba. Ita ce maganar, sarkin wauta. Ka shiga ɗakin godiya sau nawa tun kana goye a bayana? Hannuwa da ƙafafu da kawuna sun cika bango har rufi. Ka nuna mini ɗaya a cikinsu na wanda ya mutu da ciwonsa. Babu. Gidanmu bai taɓa sassaƙa ciwo ba, godiya muke sassaƙawa. Mutum huɗu ka bar nasu a kanta, duk huɗun suna yawo da ƙafarsu. Kai kana ganin an nuna maka wanda zai faɗi, ni ina ganin an nuna maka wanda zai tashi. Baba ya hana mu riga Allah, gaskiyarsa. Amma bai ce in Allah ya riga mu, mu cusa aikinsa a murhu ba.

Ba na ce kai ka kashe Januário ba. Rai ba a murhunka yake ba, kada ka ɗaukar wa kanka wannan girman. Ban san abin da zai faru ba da ka bar ƙirjin nan, kai ma ba ka sani ba, ba kuwa za mu sani ba a duniyar nan. Sai dai na san yadda mutum yake ji in ya ɓuya a ɗakin wanki, kuma ba na so ka ƙarasa kwanakinka a ciki.

Tambayar tabo kuwa, ka raina mini wayo. Kan mace ne a akwatin Inna, da tabo a gira, da kumburi a wuya, ƙasan muƙamuƙin hagu. Ko ba haka ba?

To ni ma na yi maka ƙarya, ba iskar teku ba ce. Ƙari ne ya fito mini a wuya tun kafin Kirsimeti, ina rufe shi da gyale. Ka ƙirga da kyau, tun kafin Kirsimeti, wata biyu kafin hannunka ya fara abin da ya fara. Ba kai ka jawo shi ba, ka riske shi ne. Yanzu ya yi girman ƙwan kaza, haɗiyar ruwa ma sai da dabara. Makon jiya waƙar ta taso mini a gaban gadon wata, na buɗe baki ba abin da ya fito sai iska. Na riƙe hannunta kawai. Wannan ya fi ciwon ci mini rai.

Likita zai yi mini aiki ran sha tara ga wata. Na tambaye shi gaskiya, ya yi ta gyara takardun da ke kan teburinsa. Shekara talatin ina ganin likitoci suna gyara takardu, na san ma'anarsa. Tsoro nake ji, Zeferino. Ban taɓa faɗa maka wannan kalma ba tun da aka haife ka.

Ka je ka tono wuƙarka. Ba ciniki nake so ka yi da Allah ba, ba a yi masa wayo da ice. In ya ga dama ya ɗauke ni ko ka sassaƙa kai ɗari. Amma an sa aiki a hannunka ka bar shi rabi, kuma ni a sanina wanda ya fara wannan aikin ba ya wasa. Ka gama shi. In na tashi zan kai shi kan dutse, in ban tashi ba ka san dai ba ka gudu ba.

Yayarka da ta goya ka,
Quitéria


Baixa do Umbu,
18 ga Yuni, 1979

Yaya,

Ki sa mini albarka. Na san takardar nan ba za ta iso ba sai an gama abin da za a yi gobe. Ina rubutawa ne da sa ran ke za ki buɗe ta da hannunki.

Wasiƙarki ta iso ran sha ɗaya. Ban ko gama karantawa ba na ɗauki fartanya. Na tono buhun, wuƙar ba ta yi ko ɗigon tsatsa ba duk ruwan da aka yi. Na fito da kan daga akwatin Inna. Kamar yadda kika faɗa yake, tabo da kumburi da goshinki na masu faɗa. Rabin fuskar ya fito, daga hanci zuwa haɓa ice ne kawai.

Na zauna na sa wuƙa, hannu ya ƙi. Ba rawa yake yi ba, mutuwa ya yi, kamar an ara mini na wani. Na yi addu'a, na yi azumi, na yi kuka, na zagi kaina. Kwana uku kanki yana cinyata da ido ɗaya a buɗe yana kallona, ban cire ko ɓawo ba. Na ce shi ke nan, na ce a karɓi baiwar an karɓa, kuma ke za ki biya.

Rana ta huɗu da azahar na ji motsi a ƙofa. Dona Gertrudes ce, matar Januário, cikin baƙaƙen kaya, da gungumen ice a kanta. Ta sauke shi a gabana ta zauna a ƙasa. Ta daɗe tana kallon murhu.

Ta ce, "Seu Zeferino, gaskiya ne ka ƙone nasa?"

Na ce gaskiya ne.

Ta ce, "Don ka tsare shi?"

Na ce don in tsare shi. Ta ce icen nan shi ne na ƙarshe da ya saro, ya jingine a bayan ɗaki da niyyar kawo mini ran kasuwa. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta.

Ta ce, "Ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni iko. Amma na gaba, ko na wane ne, kada ka sake ƙonewa."

Bayan tafiyarta ina zaune ina kallon gungumen, sai ga Seu Anacleto yana dogara sanda. Shi kaɗai ne a garin nan bai taɓa tsorona ba, ina jin don kunnensa ba ya ji sosai. Ya ce wata huɗu ke nan, idin Yesu na kan dutse da ake yi a Agusta ya matso, shi da me zai hau dutse, ko in yanke tasa ta gaske ya kai? Yaya, kunya ta rufe ni. Ina ta neman abin al'ajabi, ga aikin da aka ba ni da baki tun Fabrairu ban yi ba. Na ajiye kanki a gefe, na tsaga icen Januário, na ce ko da haƙori ne sai na yi wa tsohon nan ƙafarsa. Na fara da ƙyar, kamar ranar da Baba ya fara ba ni wuƙa. Wajen diddige na ji ɗumi ya sauko daga kafaɗa. Kafin rana ta yi sanyi ƙafa ta fito, ta dama, ta tsoho, da tabon gyambo. Ƙafar da aka ce in yi, ba wata ba. Ya juya ta ya ce babban yatsan ya yi tsawo, ya sa a jaka ya tafi.

Jiya bayan sujada na ɗauki kanki. Ban kalla ba, na sa idona a kan rufin ɗakin awaki na bar hannu ya yi tafiyarsa. Na ji yana ta aiki, ɓawo yana zuba a ƙafata, har ya tsaya da kansa. Na duba. Ke ce, Yaya, har ramin haɓarki. Kumburin da ke wuya ya tafi, hannun ya share shi, ya bar layi siriri daga ƙasan kunne zuwa maƙogwaro.

Amma ba baki. Tsakanin hanci da haɓa sumul yake. Shekara arba'in ban taɓa fitar da kan mutum marar baki ba, ko na jariri sai na ja masa ɗan layi. Na sa tsinin wuƙa sau uku, sau uku hannun yana mutuwa. Yau da safe na sake gwadawa, haka. Zan iya dannawa da ƙarfina in tsaga, amma wannan aikina ne zai zama, ba nasa ba, kuma na riga na ga inda dabarata take kai mutum.

Ban sani ba ko an gama ne, ko an tsaya ne a hanya. Wannan nake ta juyawa. Na ɗora shi a kanta kusa da hannun Belarmina, na kunna kyandir. Gobe tun hantsi zan hau dutse in durƙusa har rana ta faɗi.

Ƙanenki da ba shi da kowa sai ke,
Zeferino


Recife,
3 ga Yuli, 1979

Zeferino,

Allah ya yi maka albarka. Ni na buɗe ta da hannuna.

Sun cire ƙarin duka. Ɗinkin ya taso daga ƙasan kunne zuwa maƙogwaro, na sa aka kawo mini madubi na gani. Muryar ta tafi tare da shi, likita ya ce ba za ta dawo ba. Wannan karon bai gyara takarda ba, ya kalle ni ido cikin ido.

Na yi kwana biyu fuskata a bango, ba zan yi maka ƙarya ba. A na uku na tuna an bar mini hannu biyu, ga tsofaffi goma sha takwas suna jiran wanka. Sistoci sun rataya mini allo da alli a wuya, sun ce faɗan nawa bai ragu ba.

Kan nan an gama shi, ƙanena. Kada ka taɓa shi da wuƙa.

Zan zo a bas ɗin huɗu ga Agusta. Ni zan ɗauki kan da kaina in hau dutse, ka gaya wa Gertrudes ina so ta hau tare da mu in za ta iya. A bakin ɗakin godiya akwai waƙar da ake yi kafin a rataye, wadda ni nake ja tun ina budurwa. Bana kai za ka ja. Na san muryarka, na san jakuna za su amsa. Ka fara koyo tun yanzu.

Yayarka,
Quitéria